Naman Kazan da Ba Ya Rayuwa Sai a Gindin Tsofaffin Itatuwa

Wajen watan Oktoba, idan ruwan sama ya dawo dazuzzukan arewa maso yammacin Amurka, wani abu kan ɓullo daga ƙarƙashin gansakuka da ruɓaɓɓen ganye. Naman kaza ne, amma ba shi da laimar nan da aka saba gani da damina. Gindi ɗaya ne fari, ya rabu rassa-rassa, kowane reshe ya sake rabuwa, har ya zama curi mai cika tafin hannu. Wani ja ne jawur, wani ruwan ɗorawa, wani shunayya. Siffarsa ta murjanin da ke tsirowa a ƙarƙashin teku ce, masana kuma suna kiran danginsa Ramaria. Bayan 'yan makonni sai ya ruɓe ya ɓace.

Wannan curin 'ya'ya ne kawai. Ainihin jikin yana cikin ƙasa, zare-zare ne farare, sirara fiye da gashi, da suke naɗe ƙananan saiwoyin itace. Tsakaninsu da itacen ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne: su suna jawo masa ruwa da sinadaran ƙasa daga lungunan da saiwa ba ta kaiwa, shi kuma yana ba su sukarin da ganyensa ya haɗa da hasken rana. Yawancin nau'o'in Ramaria ba su da wata hanyar abinci sai wannan. Ranar da zarto ya kayar da itacen, abincinsu ya yanke.

Kuma wasunsu ba kowane daji suke yarda da shi ba. A jihohin Washington da Oregon da arewacin Kalifoniya akwai kurmin itatuwa masu ganye kamar allura, irin su Douglas-fir da hemlock, inda itace ɗaya kan haura shekara 500 a tsaye. Ƙasan irin wannan kurmi kullum a inuwa take, da danshi, ga manyan gungume suna ruɓewa a hankali. Kamfanonin katako sun saba share fili ƙaf, su dasa sabbin itatuwa, su dawo su sare bayan shekara 40 ko 50. A takarda an maye gurbin abin da aka sare. A ƙasa kuwa rana ta ƙone saman turɓaya, tayoyin manyan injuna sun danne ta, kuma kafin sabon dajin ya tsufa an sake kwantar da shi. Duk hukumar da ke ƙidayar nasararta da yawan dashe ya kamata ta yi wa wannan lissafi kallon tsanaki.

Sanin da aka yi wa waɗannan halittu ma bai daɗe ba. A farkon shekarun 1970 ne Currie Marr da malaminsa Daniel Stuntz na Jami'ar Washington suka bi dazuzzukan yammacin jihar suka raɗa wa nau'o'i da dama suna, ciki har da jan nan Ramaria araiospora.

Kariyar da suka samu kuwa albarkacin mujiya ce. A 1990 gwamnatin Amurka ta sanya wata mujiya mai ɗige-ɗige da ke zaune a waɗannan tsofaffin dazuzzuka cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, rikici ya ɓarke tsakanin masu sana'ar katako da masu kare muhalli, kotu ta dakatar da sayar da itatuwa a dazuzzukan gwamnatin tarayya na yankin. Sulhun da gwamnatin Bill Clinton ta kawo a 1994 ya shafi fili kusan eka miliyan 24. A cikinsa aka cusa wata ƙa'ida ta “bincika ka kula”, wadda ta rufa wa ƙananan halittu wajen 400 asiri: katantanwa, gansakuka, da naman kaza iri-iri, har da nau'o'in Ramaria masu yawa. Inda duk aka san suna nan, dole a kare wurin.

Sai dai mujiya tana kuka a ji ta, naman kaza kuwa yana iya shekara biyu ko uku bai fito ba alhali yana raye a ƙasa. Ma'aikacin da ya zaga daji sau ɗaya ya dawo hannu rabbana bai tabbatar da komai ba. Masu katako suka ce ƙa'idar tsada ce da ɓata lokaci. Gwamnatin George W. Bush ta soke ta a 2004, kotu ta maido da ita. Aka sake sokewa a 2007, kotu ta sake cewa ba a bi doka ba.

A matakin duniya abin ya fi ban takaici. Har zuwa 2013, nau'i uku kacal na babban dangin naman kaza gaba ɗaya ne ke cikin kundin ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN na halittun da ke cikin haɗari. A watan Maris na 2025 adadin waɗanda aka tantance ya kai 1,300, kuma aƙalla 411 daga ciki suna fuskantar ƙarewa. Waɗanda kimiyya ta sani sun kai kimanin 155,000, wato ba a duba ko ɗaya cikin ɗari ba. Ƙungiyar ta ce tun daga 1975 an rasa kashi 30 cikin 100 na tsofaffin dazuzzukan fain a Finland da Sweden da Rasha.

Ga kuma gobara, wadda ba ta san iyakar gandun da doka ta keɓe ba. A 2020 kaɗai wuta ta lashe fiye da eka miliyan ɗaya a Oregon.

Akwai gargaɗi ga masu tsinta don miya. Wasu nau'o'in, kamar Ramaria botrytis, ana cin su, amma Ramaria formosa yana sa murɗawar ciki da gudawa, kuma bambance dangin nan yakan gagari ƙwararru sai sun sa madubin ƙara girma. Masana sun fi son wanda ya ci karo da irinsa ya ɗauki hotonsa daga sama da gindi, ya rubuta wurin da itacen da ke kusa, ya tura shafin iNaturalist, domin irin waɗannan bayanai suna cikin abin da ake dubawa wajen tantance nau'in da ya yi ƙaranci.