Mabiya Dubu a Gidan Haya, Ko Mutum Ɗari a Littafinka?

Ranar 4 ga Oktoba, 2021, da yawa daga cikinmu muna sakandare kamar yadda kuke a yau. Da yammacin ranar WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Mu dai hira muka rasa, amma yayyenmu masu sayar da atamfa, takalma da turare ta waya ciniki suka rasa, domin ba su da wata hanyar da za su bi su kai ga masu saye. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya, daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022, wato kusan wata bakwai.

Ba mu ɗauki darasin ba sai da abin ya zo kanmu. Mu uku ne a jami'a muke haɗa taƙaitattun bayanan lissafi da kimiyya muna sayar wa masu shirin jarrabawar fita sakandare. Duk cinikinmu a shafi ɗaya na sada zumunta yake. Wata rana wani ya yi wa shafin kutse ya canza kalmar sirri. Mabiyan da muka shekara muna tarawa suka tafi a dare ɗaya, ba mu da lambar kowa, ba mu da adireshin kowa. A nan muka gane cewa zaman haya muke yi, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Me ya sa imel?

Wani zai ce ai imel na tsofaffi ne. Gaskiya ya daɗe, tun 1971 wani injiniya ɗan Amurka, Ray Tomlinson, ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata da alamar @ ɗin nan. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Imel ba mallakar kamfani ɗaya ba ne: mai Gmail yana aika wa mai Yahoo ba tare da wani shamaki ba. Idan ka tara adireshin mutane, za ka iya sauke jerin ka adana, ka kuma ɗauke shi daga wannan manhaja zuwa waccan. Mabiyan shafin sada zumunta kuwa ba sa ɗaukuwa, kuma manhajar ce ke zaɓar waɗanda za su ga abin da ka wallafa. Ga shi kuma kusan duk mai wayar Android yana da imel, ko da ya manta da shi, kuma duk mai neman gurbin karatu ko tallafi sai ya buƙace shi.

Zauren tarbar baƙi

To, ta yaya ake tara adireshin? Ana gina wani ɗan shafi guda ɗaya a intanet wanda aikinsa ɗaya tak: ya tarbi baƙo ya tambaye shi ko yana so a riƙa aiko masa da saƙo. Ku ɗauke shi kamar zauren gida. Baƙo ya yi sallama, an gaisa, an ba shi ruwa, idan ya ga dama ya bar sunansa.

Abu huɗu ne a shafin. Na farko kanu mai faɗin abin da mutum zai samu ƙarara. Namu cewa ya yi: "Karɓi tambayoyin lissafi 20 da amsoshinsu kyauta." Na biyu layi biyu ko uku da ke bayyana wane ne kai, me za ka riƙa aikowa, kuma sau nawa. Na uku gurbin rubuta suna da imel. Na huɗu maɓallin da za a danna. Kada a cika shi da hotuna masu nauyi, domin mai shigowa da waya yake, kuma yana tattalin datarsa. Kada kuma a sa wasu hanyoyin da za su ja hankalinsa zuwa wani wuri. Duk tambayar da ka ƙara a fom, kana ƙara wa mutum dalilin fasawa ne.

Kyautar nan ta farko ita ce ƙashin bayan shafin, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai ɗinki na iya ba da hotunan sababbin samfuran sallah, mai yin cincin ta ba da yadda ake haɗa wani nau'i guda, ƙungiyar muhawara ta makaranta ta ba da jerin batutuwan zangon karatu. Sharaɗin kawai shi ne abin ya amfani mutum ko da bai taɓa sayen komai a wajenka ba.

Ba sai kun iya rubuta manhaja ba. Kamfanoni irin su Mailchimp da MailerLite suna da tsarin kyauta ga mai ƙaramin jeri, da shafukan da aka riga aka tsara sai dai ka sauya rubutu. Da kun gama za a ba ku mahaɗi, sai ku liƙa shi a bayanin shafinku na sada zumunta da kuma sitatus ɗinku. Ka ga gidan hayar ya zama hanyar da ke kawo mutane gidanka na kanka.

Kuskuren da muka yi

Bayan kutsen nan, gaggawa ta sa muka kwashi adireshin wasu ɗalibai daga wata takardar halartar taro muka aika musu da talla. Kusan babu wanda ya amsa, sai mutum ɗaya da ya tambaye mu wa ya ba mu adireshinsa. Wasu suka yi wa saƙon alamar shara, daga nan sauran saƙonninmu ma suka fara faɗawa kwandon shara, har na waɗanda suke so. Ashe kuskuren tsoho ne: a 1978 wani ɗan kasuwa mai suna Gary Thuerk ya aika tallar kwamfuta ga kusan mutum 400 da ba su nema ba, ya sha ƙorafi, kuma har yau ana ambatonsa a matsayin wanda ya fara irin wannan saƙo.

Shi ya sa amincewa ita ce tushen abin. Mutum ne zai rubuta adireshinsa da hannunsa. Mafi kyau ma a kunna tabbatarwa sau biyu: bayan ya cike fom, saƙo zai je akwatinsa, sai ya danna ya tabbatar kafin ya shiga jerin. Wannan na tace adireshin bogi da wanda aka yi kuskuren rubutawa. Kowane saƙo kuma ya zo da hanyar fita a ƙasansa, wanda ya gaji ya tafi ba rigima.

Maganar ba ta ladabi kaɗai ba ce. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum 'yancin janye amincewarsa da ƙin karɓar talla, kuma ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan wanda bai kai shekara 18 ba. Don haka idan 'yan ajinku kuke son tarawa, ku sa malami ko iyaye a cikin lamarin tun daga farko.

Idan ku ne baƙin

Ƙannenmu, kafin ku gina naku shafin za ku ci karo da na wasu. Shafin kirki suna da imel yake nema. Duk wanda ya ce ku sa kalmar sirrinku, lambar BVN, lambar katin banki ko lambar da aka turo muku ta waya, da sunan tallafin karatu ko kyautar data, ku rufe shi nan take. Ku duba wa ya gina shafin, kuma me ya ce zai yi da adireshinku.

Jerinmu na yanzu bai kai rabin mabiyan da muka rasa ba. Amma duk ranar Asabar idan muka aika tambayoyin mako, ana buɗewa, ana maido da amsa, wasu har su nemi cikakken littafin su biya. Idan kuna da wata 'yar sana'a ko ƙungiya, ku ɗauki takarda a wannan hutun ku rubuta abu biyu: me za mu ba mutum kyauta, kuma me za mu riƙa aiko masa da zai sa ya ji daɗin ganin sunanmu a akwatinsa? Idan kun samu amsar, ginin shafin aikin yini guda ne.