3.4 Lissafin da Ya Kamata a Bar wa Na'ura

Kamar yadda aka nuna a babi na biyu, 'yan kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), sun daɗe suna riƙe sunayen abokan cinikinsu a littafin bashi. Manhajar kula da abokan ciniki, irin su Salesforce, wannan littafin ne aka mayar cikin kwamfuta. Sai dai ba kowane lissafi ne ake sakar mata ba.

Lissafin da take yi iri biyu ne. Akwai wanda take sake bugawa duk lokacin da aka buɗe shafin mutum, akwai kuma wanda take bugawa sau ɗaya ta ajiye. Na farkon ya dace da jimillar abin da ake bin mutum, domin da zarar ya biya wani abu, sai ta rage da kanta. Amma kuɗin kayan da aka riga aka bayar bashi, tilas ne a tsayar da shi a kan farashin ranar ciniki. Alal misali, wanda ya karɓi turmi goma na atamfa a watan Mayun 2023, in har lissafinsa yana bin sabon farashi, to tsadar da ta biyo bayan faɗuwar darajar naira a watan Yunin shekarar za ta ɗora masa bashin da bai ci ba. Wannan kuwa zalunci ne, ko da na'ura ce ta aikata.

Shi kuwa ragin da ake yi wa tsohon abokin ciniki, ba ya bin wata ƙa'ida, don haka mai shago ne ke shigar da shi da hannunsa bayan sun daidaita.