Hunturu a Bazaga: wa zai ɗinka wa yaro rigar kwana?

Da zarar watan Disamba ya kama, iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, ta biyo ta kan duwatsun Adar, ta lulluɓe ƙasar Ƙwanni da ƙura. Da rana ba a cika damuwa da ita ba, amma daga tsakar dare zuwa asuba ma'aunin zafi kan sauko wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka, a ƙasar da yake wuce 40 cikin watan Afrilu. Magidanci yana da babbar riga da bargo, uwargida tana da zane biyu ko uku. Yaro ɗan shekara biyar a ƙauyukan Bazaga kuwa, sau da yawa taguwar da ya yini da ita cikin turɓaya ita ce zai kwana da ita bisa tabarma, shi da ƙannensa a ƙarƙashin tsohon zanen uwarsu. In aka wanke ta da marece ba ta bushe ba, haka nan zai kwana.

Bazaga ƙaramar hukumar karkara ce cikin gundumar Birnin Ƙwanni, a jihar Tawa, ba nisa da iyakar Najeriya. Kamar maƙwabtanta na Illela da na Malbaza, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, mutanenta manoman gero ne da dawa da wake. Idan an gama girbi, samari da magidanta da yawa sukan tafi cin rani, wasu Sakkwato da Legas, wasu Abijan, wasu Libiya. Ke nan a daidai watannin da sanyi ya fi tsanani, gidaje da dama mata ne da tsofaffi ke riƙe da su, kuma ɗan abin da aka aiko hatsi ake fara saye da shi, tufafi su jira.

Tufar kwana ba baƙuwa ba ce

A manyan garuruwa irin su Yamai da Maraɗi da Tawa, ƴaƴan ma'aikata da na attajirai suna da tufar kwana ta musamman, wadda masu jin Faransanci ke kira pijama. Kalmar asalinta Farisanci ce, ma'anarta tufar ƙafa, wato wando. Turawan Ingila suka ɗauko ta daga Indiya suka baza ta cikin duniya. In aka dubi abin da kyau, taguwa ce da wando mai zariya, irin wanda telan ƙasar Hausa ke ɗinkawa tun kafin keken ɗinki ya iso. Abin da ya bambanta shi ne an keɓe ta domin dare, saboda haka kullum tana bushe, tana da tsabta.

Wata al'adar da ta shigo gidajen birni ita ce bikin zagayowar ranar haihuwar yaro. Akan gayyato abokansa, a yanka kek, wani lokaci a fitar da anko a ɗinka wa yaran gida duka. A karkara wannan biki bai da gindin zama, domin da yawa ba su san ranar da aka haife su ba. Tsofaffin ma'aikata ma sun san takardun da aka rubuta musu cewa an haife su "wajen" shekara kaza. Ranakun sabuwar riga ga yaron ƙauye su ne suna, da Sallah ƙarama da babba, da saukar Alƙur'ani ga wanda ya kai.

A nan ne lissafi ke karkacewa. Mai son taimakon maraya ko ɗan talaka, kayan Sallah yake tunawa da su, kuma ya kyauta. Sai dai Sallah tana bin wata, kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11: a 1999 da 2000 ƙaramar Sallah cikin Janairu ta faɗo, a 2015 kuwa cikin Yuli, tsakiyar damina. Hunturu ba ya sake lokaci. Shaddar da aka ɗinka domin zuwa Idi, a ninke take cikin akwati sai wani bikin, ba ita ke raba yaro da sanyin asuba ba.

A Amurka wasu sun lura da irin wannan giɓi. A 2001 wata mata mai suna Genevieve Piturro ta kafa ƙungiya a birnin New York da sunan Pajama Program, bayan ta ga yaran gidajen marasa galihu suna kwana da kayan da suka yini da su. Aikin ƙungiyar shi ne raba tufar kwana da littattafai. Ƙasar Hausa ba ta bukatar aron dalili daga waje: Suratul Ma'ida, aya ta 89, ta sanya tufatar da miskinai goma cikin kaffarar rantsuwa, daidai da ciyar da su.

Tari da wuta

Ma'aikatan gidajen likita na karkara sun san abin da hunturu ke kawowa: tari, majina, da ciwon huhu wanda ake kira limoniya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafawa cikin manyan cututtukan da ke kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5. Ƙwayoyin cuta ne ke haddasa shi, ba sanyi kaɗai ba, kuma riga ba ta maye gurbin allurar rigakafi ko saurin kai yaro likita. Amma yunwa da ƙura da hayaƙi da cunkoso cikin ɗaki ɗaya su ne ke buɗe masa ƙofa, kuma yaron da bai da abin rufa jiki shi ne ake rufewa cikin ɗaki mai hayaƙi domin ya ji ɗumi.

Haɗari na biyu shi ne wutar kanta. Cikin hunturu akan shigar da kaskon garwashi ɗaka, almajirai su kewaye wutar kara a ƙofar zaure, yara su zauna gindin murhu da sassafe. Tufar roba, wato nailan da danginsa, in ta kama wuta narkewa take ta manne da fata. Auduga ba ta narkewa, amma in yadin shara-shara ne kuma rigar ta yi burmeme, nan da nan take ci. Shi ya sa tun farkon shekarun 1970 Amurka ta kafa doka kan yadin da ake ɗinka tufar kwanan yara da shi, daga baya aka yarda da wadda aka ɗinka daidai jiki ba ta reto. Darasin da tela zai ɗauka a nan gajere ne: auduga mai kauri, ɗinki daidai jiki.

Lissafin tela

Turmin atamfa yadi 6 ne. Yaro ɗan shekara 4 zuwa 6, yadi 2 kan ishe shi taguwa mai dogon hannu da wando har idon sawu, ke nan turmi ɗaya na tufatar da yara 3, turmi 10 kuwa yara 30. Atamfa ita kaɗai ba ta da kauri sosai. In aka yi wa taguwar shafi da akoko daga ciki, sai ta riƙe ɗumi, ta kuma daɗe. Yadin auduga mai laushin gashi a ciki ya fi, in an same shi da sauƙi.

Gwanayen sana'ar suna da ƙa'idojin da mai ba da aiki ya kamata ya sani. A jiƙa yadi a shanya kafin a yanka, domin auduga tana shiga wanki na farko, kuma sitacin da ke cikinta yana ƙaiƙayin jiki. A bar kalmasa mai faɗin yatsa uku a ƙafar wando da hannun riga, baɗi a warware ta yaro ya ci gaba da sawa. A maimaita ɗinki a hammata da hantsar wando, domin nan ne ake fara yagewa. Roba a ƙugu tana da sauƙin sawa, amma rana da wanki suna kashe ta. Zariya cikin ƙubaka ta fi ƙarko, kuma in ta tsinke uwa za ta iya zura wata. Kada a sa igiya a wuya, kada a sa ƙananan maɓallai a rigar jariri, domin yana iya tsinke su ya haɗiye. Launi mai duhu ya fi dacewa da gidan da ruwa daga rijiya ake jawo shi, sabulu kuma sai ranar kasuwa. Ƙyallayen da suka saura kuma suna isa hular sanyi ta jarirai.

Bosho da keken ɗinki

Wani zai ce, me ya kai mutum wannan wahala, ga bosho a kasuwa? Gaskiya ne tsofaffin tufafin Turai, waɗanda a Najeriya ake kira gwanjo, sun rufa wa talaka asiri, kuma da tsirara gara baƙin bante. Suwaita da rigunan sanyi masu kauri, a bosho ne aka fi samun su da araha. Sai dai dila ba ta san awon kowa ba, mai yawa cikinta tufar roba ce, kuma kuɗin da aka sa a cikinta hanyar teku yake bi ya fita. Shekara da shekaru ta tashar Kwatano da Gaya dilolin ke shigowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe gadar Gaya, sai manyan motoci suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso.

Ƴan kasuwar Ƙwanni ba sa bukatar a gaya musu yadda iyaka ke juya farashin yadi. Tsakaninsu da Illelar Najeriya, takwarar ta jihar Tawa, tafiyar ƴan mintoci ce, kuma ta nan yadin Kantin Kwari na Kano ke shigowa. Sun ga rufewar 1984 zuwa 1986, wadda ta haɗu da fari har aka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari; sun ga karya darajar kuɗin Sefa da rabi a Janairun 1994; sun ga rufewar Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da ta 2023 wadda ba a buɗe ba sai Maris 2024. A cikin waɗannan shekaru masaƙu suka yi ta durƙushewa. Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002. Masaƙar Yamai da aka sani da SONITEXTIL ta koma hannun ƴan kasuwa a 1997, ba ta kuma maido da ƙarfinta na da ba. Audugar da aka riƙa nomawa a filayen ban ruwa na Ƙwanni ana gurzawa a Madawa, ba ta zama rigar ɗan manominta ba.

Abin da ya saura a hannu daga duk wannan silsila shi ne tela da kekensa. Keken ƙafa, Singer ne ko Butterfly, ba ya jiran wutar NIGELEC, kuma da wuya a sami kasuwar ƙauye da ba a jin ƙararsa a ƙarƙashin rumfa. Akwai kuma mata da ke ɗinki cikin gida, da ƴan matan da suka fito daga cibiyoyin koyon sana'a suna da takarda ba su da aiki. Jika ɗaya da aka biya ladan ɗinki a Bazaga, a Bazaga za a sayi gero da ita. Sadaka ɗaya ta ci gida biyu ke nan: gidan yaron da ya sami riga, da gidan wanda ya ɗinka ta.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Cikin azumi tela ba ya barci, bayan girbi kuma aikin aure ke cika masa rumfa. Wanda ya kai masa sadaka a lokacin, alkawari zai yi ta karɓa. Cikin damina kuwa, daga Yuli zuwa Satumba, kuɗi sun yi ƙaranci, keke yana zaune. Aikin da aka bayar a lokacin zai samu natsuwa, ladan zai zo wa tela daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kayan kuma su kammala kafin sanyin Nuwamba.

Hannun da zai miƙa

Saura yadda za a raba. Maigari da liman da ungozoma da malamin makarantar allo sun san gidan da aka yi rasuwa, da gidan da mai shi ya tafi shekara biyu ba aike. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara kafawa a ƙasar Maraɗi a 1991 suka bazu cikin karkarar Nijar, suna taruwa kowane mako, suna da akwati da lissafi. Suna iya karɓar yadi, su raba ɗinki tsakanin membobinsu, su auna yara gida gida. Awo shi ne ya raba wannan aiki da zubar da kaya daga bayan mota.

Akwai kuma mutunci. In aka ɗinka wa marayu duka yadi iri ɗaya, aka jera su a fili ana ɗaukar hoto, rigar ta zama tambari, yaro ya ji kunyar sa ta gaban tsaransa. Gara a gauraya launi, a kai kaya cikin gida da marece, uwa ko kaka ta miƙa wa yaro da hannunta.

Ma'aikacin da zai yi wa ɗansa bikin ranar haihuwa a Yamai, kilomita sama da 400 daga ƙauyen da aka binne cibiyarsa, ba a ce ya fasa ba. Ranar da ya je sayen anko, ya ƙara turmi ɗaya, ya aika gida tare da ladan tela. Ɗan kasuwar da ke da ragowar yadi a kan kanta, wanda launinsa ya daina tafiya, ya san inda zai kai shi. Ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke tara kuɗin gyaran masallaci da rijiya suna iya buɗe shafi ɗaya cikin littafinsu domin wannan. Hausawa sun ce alheri gadon barci ne. Allah ya ba masu hali ikon tunawa tun damina ba ta ɗauke ba, ya kuma raya yaran Bazaga da na sauran karkara cikin lafiya, amin.