Siririyar rigar da ran injin jirgin ruwa ya rataya a kanta

Injinan lantarki huɗu ne ke tura katafaren jirgin ruwan nan Queen Mary 2, wanda ya fara jigila a 2004. Kowanne yana da ƙarfin megawat 21.5, kuma a ƙarƙashin jirgin aka rataye su, cikin ruwa, haɗe da farfela. Idan koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin injin, ya ƙone a irin wannan wuri, sau da yawa sai an shigar da jirgin tashar gyara an janye ruwa kafin a kai gare shi.

Jan ƙarfen koyil yana daɗewa. Abin da ke tsufa shi ne rigar da aka naɗe shi da ita don kada wuta ta tsallaka, kuma kaurinta 'yan milimita ne kawai. Ana yin ta da maika, wani ma'adini mai ɓarewa falle-falle, a shimfiɗa shi kan ƙyallen zaren gilashi, a naɗe, a zuƙe iska sarai, sannan a matsa ƙaron ifoksi ya cike kowace kafa. Ƙaramin kumfan iska da ya saura ya isa ɓarna, domin a cikinsa tartsatsi ke tashi yana cin ƙaron a hankali har ya huda. Na'urorin zamani masu daidaita gudun inji sun ƙara tsananta lamarin, saboda suna yanka wuta suna mayarwa sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa guda. Ga laima, ga gishirin teku, ga jijjiga.

Babbar matsalar, a ganina, ita ce abin da ke tare wuta yana tare zafi. Ana kasa rigunan aji-aji bisa zafin da suke jurewa: rigar ajin F tana jure digiri 155 a ma'aunin Celsius, ta ajin H kuwa 180, kuma injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa ƙarin digiri 10 yakan rage rabin kwananta. Shi ya sa masu bincike suka koma cuɗa ƙaron da garin silika ko boron naitaraid mai laushin gaske: silikar ta rage cin tartsatsi, boron ɗin ya ba zafi hanyar fita. Wayoyin kansu kuma ana lulluɓe su da fatar Kapton da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro, wadda akwai nau'inta da aka yi musamman don jure tartsatsi.

Akwai abin da bai kamata masu sayen injinan su kau da kai daga gare shi ba. Kaso mai yawa na maikar duniya daga Indiya da Madagaska yake fitowa, inda aka sha samun ƙananan yara suna haƙar ta a ramuka.