Ɗinkin Ado da Lokutan Biki: Daga Suwidin Zuwa Nasarawa Gwom

Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu zan kwatanta yadda biki ke raya ɗinkin ado a ƙasar Suwidin da kuma unguwarmu ta Nasarawa Gwom a Jos, sannan in jawo hankalin 'yan uwana ɗalibai kan kalmomin wannan sana'a.

A Suwidin

A can, hunturu lokaci ne na ƙanƙara da dogon dare. Ranar 13 ga Disamba suke bikin Lusiya, inda yarinya kan sa farar riga da jan ɗamara da kambin kyandir. Ranar 24 ga watan kuma su yi jajiberin Kirsimeti. Mata kan ɗinka kyallayen ado, galibi da jan zare a kan farin yadi, da siffar taurari, kyandir da zuciya. Ana rataya su a bango, bayan biki a adana sai baɗi.

A Wajenmu

Mu ma muna da sanyinmu, domin Jos na bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. Sai dai ba hunturu ke motsa allurarmu ba, Sallah ce. Su bango suke yi wa ado, mu kuwa jiki. Da azumi ya kama, maɗinkan unguwa ba su da barci.

A babbar riga akwai aska biyu da aska takwas, wato dogayen tsinaye da ke gefen aljihu. Akwai tambari, zagayen da ake yi a ƙirji da baya, ga kuma malum-malum. A da, da zaren tsamiya ake aikin, wani alharini da ake samu daga gidan tsutsa. Mai zane daban, mai ɗinki daban, shi ya sa riga ɗaya kan ci watanni. Zariya ta yi fice a nan, kuma David Heathcote ya yi digirinsa na uku kan wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979.

Kammalawa

Yau keken surfani da kwamfuta sun rage wa aikin hannu kasuwa. Mai saye kan nuna hoto a waya ya ce "irin wannan", ba ya kiran suna. Sunan da aka daina kira kuwa, ɓacewa yake yi. Shawarata ita ce, duk mai neman batun kundin digiri ya je wurin tsofaffin maɗinka, ya rubuta sunan kowane zane da ma'anarsa tun suna raye. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.