Dabbar Gida Maganin Kaɗaici

Idan aka yi zancen dabba a ƙasar Dakoro, nono da nama da kuɗi ne ke fara zuwa a rai. Amma dabba tana da wani amfani wanda ba a kai shi kasuwa. Shi ne kwanciyar hankalin mai ita.

Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A 2010 ma bisashe da yawa sun mutu daga kwarin Tarka har zuwa Gadabeji. Makiyayin da garkensa ya ƙare ya rasa dukiya, ya kuma rasa abin da ke tashe shi da asuba. Wani yakan daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya daina shiga mutane. Wannan ciwo ne, ko da ba a ga rauni a jiki ba. Yana kama tsohuwar da ƴaƴanta suka tafi cin rani, da matar da mijinta ya rasu.

Ta yaya dabba take taimakon irin waɗannan mutane?

Na farko, tana ba mutum aikin yau da kullum. Akuya ba ta san baƙin ciki ba. Da gari ya waye za ta nemi ruwa da dussa, dole mai ita ya tashi.

Na biyu, shafa dabba yana sanyaya rai. Masana sun gano cewa idan mutum yana shafa dabbar da ya saba da ita, jikinsa yakan saki, damuwa ta ragu.

Na uku, dabba tana mai da mutum cikin jama'a. Zai je rijiya, zai nemi harawa, za a gaisa, a yi hira.

Fulani sun daɗe da sanin haka. A al'adarsu ta habbanaye, mai hali yakan ba wanda ya rasa aron saniya ko akuya. Idan ta hayayyafa, sai ya riƙe ƴaƴan, ya mayar da uwar. Wanda aka ba ya san ba a manta da shi ba. Jar akuyar Maradi ta dace da wannan taimako, don tana yawan haifar tagwaye.

Ba sai babbar dabba ba. Kyanwa, ko tantabaru, ko ƴan kaji, duk suna ɗebe kewa. Sahabin nan Abu Huraira ya sami laƙabinsa ne daga wata ƴar kyanwa da yake ɗauka.

Sai dai a kula. A yi wa dabba allurar rigakafi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta. A dafa madara kafin a sha. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti, domin haukan kare yana kisa.

Kuma dabba ba ta maye gurbin likita. Idan baƙin ciki ya wuce mako 2, mutum ba ya ci, ba ya barci, ko yana maganar kashe kansa, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Ku duba unguwarku. Idan akwai wanda ke zaune shi kaɗai, ku ba shi aron akuya, ku riƙa leƙa shi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.