Yashi, garin katako ko yumɓu: Me ake zubawa idan mai ko sinadari ya malale?

 Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan mai ya ga jajayen bokitai cike da yashi a jere kusa da famfo. Haka nan a garejin kanikawa mukan ga an barbaɗa garin katako a kan baƙin man da ya zube. Yawancinmu mun ɗauka duk garin da hannu ya kai gare shi zai yi wannan aiki. A masana'antu kuwa, zaɓen garin da za a zuba a kan ruwan da ya malale ilimi ne mai zaman kansa, domin kuskure a nan yakan jawo gobara ko hayaƙi mai guba.

Yadda gari ke shan ruwa

Mu tuna yadda lagwanin fitila ke jan kananzir zuwa sama. Ƙananan kafofin da ke tsakanin zarensa ne ke jan man. Haka garin tsotsa yake aiki: gwargwadon yawan kafofin da ke jikin kowace ƙwaya, gwargwadon ruwan da za ta sha. Ƙwayar yashi ba ta da kafofi, ruwa kawai yake maƙalewa a jikinta da tsakaninta da 'yar'uwarta. Shi ya sa yashi bai cika shan ruwa da yawa ba, ga shi da nauyi. Amfaninsa shi ne ba ya cin wuta, yana da araha, kuma yana da kyau wajen tare ruwa kada ya bazu.

Gida biyu

Garin tsotsa ya kasu gida biyu. Na farko shi ne wanda aka samo daga ƙasa: gasasshen yumɓu da aka farfasa, da bamikulait wanda ke kumbura idan aka gasa shi, da dayatomait, wata farar ƙasa marar nauyi da ta samu daga ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun ruwa da suka mutu tun zamanin da. Ana samun irinta a Jihar Yobe. Waɗannan ba sa kamawa da wuta, kuma ba sa faɗa da yawancin sinadarai.

Na biyu shi ne wanda aka samo daga tsirrai: garin katako, niƙaƙƙiyar totuwar masara, ɓuntun shinkafa da tsohuwar takarda da aka sarrafa. Ba su da nauyi, da yawansu sun fi yumɓu shan mai, amma dukansu makamashi ne.

Garin kyanwa da ya rufe ma'ajiyar nukiliya

A shekarar 1947 wani Ba'amurke mai suna Ed Lowe, wanda gidansu ke sayar wa masana'antu garin yumɓu na tsotse mai a Jihar Mishigan, ya ba wata maƙwabciyarsa wannan gari ta zuba wa kyanwarta ta riƙa yin bayan gida a kai. Daga nan aka soma sayar da garin kyanwa a kantuna, har masana'antu ma suka riƙa amfani da shi.

Bayan shekara 67, a ranar 14 ga Fabrairun 2014, wata ganga ta fashe a ma'ajiyar sharar nukiliya da ake kira WIPP a Jihar New Mexico, kimanin mita 650 a ƙarƙashin ƙasa. Bincike ya gano cewa a cibiyar Los Alamos, inda aka cika gangar, an yi amfani da garin kyanwa da aka yi da alkama maimakon na ma'adinin ƙasa, domin tsotse ruwan sharar da ke ɗauke da gishirin naitiret. Shi naitiret yana ciyar da wuta da iskar oksijin, alkama kuma makamashi ce. Haɗuwarsu ta haifar da zafi har murfin gangar ya buɗe. Burɓushin nukiliya ya taɓa ma'aikata fiye da 20, duk da cewa kaɗan ne, kuma ma'ajiyar ta yi kusan shekara uku a rufe, sai a watan Janairun 2017 ta koma aiki. An kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli kafin a gyara ɓarnar.

Tambayar farko: mene ne ya zube?

Idan man inji ne ko gas, kusan kowane gari zai yi. Idan fetur ne, to a sani gari ba ya kashe ƙarfinsa. Tururinsa na ci gaba da tashi, kuma tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa gidajen mai ke ajiye yashi ba garin katako ba, kuma ake kwashewa da shebur ɗin da ba ya fitar da tartsatsi.

Idan asid ne mai ƙarfi, kamar naitirik ko salfurik da muke gani a ɗakin gwaje-gwaje na makaranta, haramun ne a zuba masa garin katako: zai ƙona shi, naitirik ma yakan iya tayar da wuta. Ruwan batirin mota salfurik ne da aka sirka, kuma akan fara kashe kaifinsa da hodar sodiyam bayikabonet, wadda ake sawa a burodi, har sai ya daina kumfa.

Akwai kuma asid ɗin haidurofulorik, wanda ke cin gilashi. Shi yashi da yumɓu da dayatomait ne abokan gabansa, domin suna ɗauke da silika, kuma haɗuwarsu na fitar da iska mai guba. Ashe ko yashi ma ba ko'ina yake shiga ba.

Ta yaya ma'aikaci zai san duk wannan? Kowane sinadari na masana'anta yana zuwa da takardar bayanin kariya mai sashe 16. Sashe na 6 shi ne ke faɗin abin da za a yi idan ya zube. Ana karanta shi tun kafin a sayi garin, ba sai ruwa ya malale ba.

Yadda ake kwashewa

Ma'aikaci zai sa safar hannu, tabarau da takunkumin hanci, domin ƙurar silika tana lalata huhu idan aka daɗe ana shaƙar ta. Sai ya toshe inda ruwan ke fitowa, ya tare bakin kwata, ya kewaye ruwan da gari, sannan ya riƙa zubawa daga gefe zuwa tsakiya. Garin da ya sha guba shi ma ya zama guba, don haka ana zuba shi a mazubi mai murfi, a rubuta sunan abin da ke ciki. Ba a watsa shi a bola ko kwata, domin baƙin mai kaɗan yakan gurɓata ruwa mai ɗimbin yawa.

Wannan duka na ƙaramar malala ne. Idan tankar mai ce ta faɗi, aikinmu shi ne mu yi nisa, mu hana wasu matsawa. Ba mu manta da Majiya a Jihar Jigawa ba, inda fiye da mutum 150 suka rasu a watan Oktoban 2024 bayan wata tanka ta faɗi ta kama da wuta. Allah Ya jiƙansu.

Gwajin wannan mako

Ku sami faranti uku, ku zuba cokali biyu na man gyaɗa a kowanne. Ku riƙa barbaɗa yashi a na farko, garin katako a na biyu, dakakken busasshen yumɓu a na uku, kuna ƙirga cokali nawa kowanne ya ci kafin man ya ɓace. Man girki kaɗai za a gwada, ban da fetur, kananzir ko ruwan batir. Ku kai wa malamin kimiyya sakamakon ku tattauna, sannan ku aiko mana da abin da kuka gano.